Karfasa Mai Goyo A Baki

'Yan'uwa masu kiwon kifi a kewayen madatsar ruwa ta Jibiya, in karfasa ta daina cin dusa kada mu ce ciwo ne. Mu dubi maƙogwaronta. In ya kumbura, baki a rufe, ta ware gefe ɗaya, to ƙwai take goyo. A baki take ƙyanƙyasa, ba kamar tarwaɗa ba, kuma kwana 10 zuwa 14 ba ta cin kome. Lokacin nan kada mu jefa taru. In ta firgita sai ta tofar da ƙwan, mun yi hasarar iri ke nan. Ran da muka ga 'ya'yan suna fitowa, suna ruga wa bakin uwa in inuwa ta gifta, yaye ya yi kusa. Sai mu tanadi dusa mai laushi.