Yadda ake haɗa ƙaramin jirgin L-39 mai shan kananzir

Mazauna kusa da filin jirgin saman Kano sun san ƙarar L-39 Albatros, jirgin da sojojin saman Najeriya ke horas da matuƙa da shi. Kamfanin Aero Vodochody na ƙasar Czech ne ya ƙera shi, kuma ya fara tashi a 1968.

A Turai da Amurka, akwai masu kwashe watanni suna haɗa ƙaraminsa, wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Tsawon na ainihin ya ɗan haura mita 12. In aka rage shi sau biyar, sai ya kusa mita biyu da rabi.

Injinsa ba na wasan yara ba ne. Kananzir yake sha, gauraye da ɗan man inji, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Wani Bajamushe, Kurt Schreckling, na cikin waɗanda suka fara ƙera irinsa a gida.

Zafin hayaƙinsa ya haura digiri 500, shi ya sa ake bi da shi ta bututun ƙarfe mai rufi biyu, don kada wutsiyar ta kama da wuta.

Babban abin tsoro shi ne rabon nauyi. Idan baya ya rinjayi gaba, jirgin kan ɗaga hanci ya ƙwace wa matuƙinsa, aikin watanni ya tarwatse cikin daƙiƙoƙi. Don haka ake tura batura can cikin hanci, a auna, a sake aunawa.

Ranar tashin farko kuwa, ba a kunna injin sai tukunyar kashe gobara tana kusa.