Injin Da Ke Gina Siffar Zuciya Da Ƙashi Kafin A Shiga Tiyata

Mai karatu, idan an taɓa yi maka hoton CT, ka san yadda likita kan ɗaga fim ga haske yana nuna maka inuwar da ba ka gane kanta. Yanzu akwai injin da ke mayar da wannan hoto abin da za ka riƙe a hannu. Sunansa firinta mai 3D.

Irin wanda ya fi yawa zaren roba ake saka masa. Sai ya narkar da shi da zafin wajen digiri 200, ya riƙa fitar da shi ta ɗan tsukakken baki kamar injin taliya. Yakan shimfiɗa layi ɗaya, ya ɗora wani a kai, yadda maginiya ke ɗora yumɓu har tukunya ta tashi. Kaurin layi galibi kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita, shi ya sa wani ƙashin sai an kwana ana ginawa. Shi CT dama yanka-yanka yake ɗaukar jiki, kwamfuta ce ke harhaɗa su ta ba injin taswira.

Wani Ba'amurke, Chuck Hull, ya sami rajistar wani nau'in fasahar a 1986, amma sai bayan 2009 injinan suka fara araha.

A ganina na ungozoma, babu inda amfaninsa ya kai wajen jariran da aka haifa da nakasar zuciya. Zuciyar jariri ba ta fi dunƙulen hannunsa ba. Idan likitan tiyata ya sami kwafinta, zai jujjuya shi, ya auna, ya san ta inda zai shiga tun bai taɓa yaron ba. Haka ake yi kafin raba wasu tagwayen da aka haifa a manne. Su ma iyaye, a nuna musu hujin da yatsa ya fi dogon bayani, kuma sai su sa hannu a takardar tiyata da sanin abin da suka amince da shi.

Wannan siffa ta nazari ce, ba a dasa ta a jiki. Har yau babu injin da ke buga ƙoda ko zuciya mai rai da ake dasa wa mutum. Wanda ya nemi kuɗinka a kan haka, damfara ce. Yawancin tiyata ma ba ta bukatarta.

Idan an yi maka CT, ka nemi a sa maka hoton a faifan CD ka adana. Daga faifan ake gina siffar, fim ba ya yi.