Siririn Zaren da Ya Raba Kan Masu Fatsa a Turai

A kogunan Turai da Amurka masu sanyi, inda kifin turawut da ɗan'uwansa girelin ke zama, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu fatsar nishaɗi. Wani salo ne ya fito daga fagen gasa ya bazu cikin gama-garin masu fatsa. Za a ga mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya miƙa hannu ya ɗaga doguwar sanda, idonsa kafe a kan wani guntun zare mai launi. Ba ya wulwula igiya a iska kamar yadda aka san gwanaye suna yi, amma kafin a ce kwabo ya ɗago kifi. 'Yan mazan jiya suka ce wannan ha'inci ne, an dai ɗaura nauyi an jefa ƙasa. Masu dokar ruwa kuwa suka ɗauko abin awo suka shiga auna tsawon zare.

Asalin fatsar ƙwaron bogi shi ne a ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, a kwaikwayi ƙwaron da kifi ke ci. Da yake ƙwaron ba shi da nauyin da za a iya jefa shi, sai aka zuba nauyin a jikin wata igiya mai kauri, ita ce ke ɗaukarsa ta kai shi nesa. Tsakanin igiyar da ƙugiya akwai zaren gaba, siriri, wanda kifi ba ya gani sosai. To amma yawancin abincin turawut a ƙarƙashin ruwa yake, wato tsutsotsin ƙwari da ke manne a jikin duwatsu, waɗanda ruwa ke ɓamɓarowa ya gangaro da su. Mai son kifi da yawa dole ya kai masa tsutsar bogi can ƙasa.

Rigimar ma ba ta yau ba ce. A Ingila, wani lauya mai suna G.E.M. Skues ya yi shekaru yana kare fatsa da tsutsar bogi a kogin Itchen, mabiya Frederic Halford kuma suna ganin duk abin da ya nutse ƙasan ruwa zubar da mutunci ne. A 1938 aka yi zaman muhawara a kansa a wata ƙungiyar masu fatsa ta Landan, akasarin mahalarta suka juya masa baya. Bayansa Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon, ya ɗaure tsutsa da gashin jelar tsuntsu da siririyar wayar jan ƙarfe don ta nutse da sauri, har gobe ana amfani da ita.

Salon da ake cece-kuce a kansa yanzu daga gabashin Turai ya ɓullo. A wata gasa da aka yi a kogin Dunajec na ƙasar Folan a 1984, 'yan Cekoslobakiya suka ga masu masaukinsu suna kama kifi dab da ƙafafunsu da gajeren zare, suka ɗauki salon suka koma gida suka gyara shi. A 1986 Slavoj Svoboda ya ci gasar duniya a Beljiyam. A 1989 Władysław Trzebunia na Folan ya ci tasa a Finlan, a 1990 kuma tawagar Cekoslobakiya ta ɗauki zinariya a yankin Wels. Faransawa, da kogunansu garai-garai irin su Loue da Ain inda kifi ke hango mutum daga nesa, suka tsawaita zaren gaba ƙwarai don su tsaya can baya. 'Yan Sifen suka zo da ƙananan tsutsotsi masu sulɓi da ke nutsewa kamar tsakuwa.

Babban kuskuren da masu suka da sababbin shiga suka yi tarayya a kai shi ne zaton cewa nauyi ne sirrin. Mai suka yana cewa ai dalma ce kawai aka ɓoye cikin gashi. Sabon shiga kuma, da ya ga tsutsarsa ba ta kai ƙasa ba, sai ya sake ɗaura wadda ta fi ta nauyi, ta maƙale a dutse, ya tsinke, ya sake ɗaura wata. Zai iya wuni a haka yana ciyar da kogi tsutsotsi masu tsada.

Lissafin kuwa a fili yake. Ana auna igiyar jifa da nauyin ƙafa 30 na farkonta. Mai lamba 5, wadda aka fi amfani da ita, tana da kusan giram 9, wato wajen giram ɗaya a kowace mita. Dutsen tangistin mai faɗin milimita 3 da ake sa wa tsutsa a ka bai kai sulusin giram ba, duk da cewa tangistin ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, giram 19.3 a inda dalma mai girma ɗaya da shi ke da 11.3. Ke nan mita ɗaya ta igiya ta rinjayi tsutsa uku. Zaren nailan mai kaurin milimita 0.20 kuwa, mita ɗayansa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin da biyar na giram ba.

Duk wanda ya taɓa ɗaura igiyar shanya ya san abin da hakan ke nufi. Igiya mai kauri, idan aka ɗaura ta tsakanin turaku biyu masu nisa, sai ta yi ciki a tsakiya, cikin nan kuma yana janyo turakun suna karkatowa. In turken ɗaya gefen kara ne aka soka a yashi, igiyar ce za ta tuge shi tun ba a shanya ko ɗankwali ba. Tsutsar bogi ita ce wannan karan. Igiyar da ke lilo tsakanin kan sanda da ruwa tana janyo ta zuwa wajen mai fatsa, ta fitar da ita daga layin da ruwa ke bi da abinci, ta kuma ɗago ta sama. Sannan idan kifi ya taɓa, sai cikin nan ya shanye motsin kafin ya iso hannu. Kifi kuwa ba ya daɗewa da abin da ya ji ba nama ba ne, nan take yake tofarwa.

Akwai kuma halin ruwan kansa. Ruwan kogi ba gudu ɗaya yake yi ba daga sama har ƙasa. Na kusa da sama ya fi sauri, na ƙasa duwatsu suna taka masa birki, can ne kuma kifi ke laɓewa don kada ya gaji. Duk abin da ya kwanta a saman ruwa, igiya ce ko 'yar roba mai yawo da ake sawa don alama, gudun sama zai bi, ya riƙa fizgar tsutsar da ke ƙasa. Kifin da ya ga tsutsa ta wuce shi a guje alhali sauran suna tafe a hankali, kallonta kawai zai yi. Abin da masu wannan salo suka gano shi ne a ɗauke komai daga saman ruwa, a bar siririn zare kaɗai ya ratsa shi. Idan aka rage kaurin zare da rabi, nauyinsa kan koma rubu'i, turin da ruwa ke yi masa kuma ya ragu da kusan rabi. Da haka ƙaramar tsutsa ke kai wa inda babba ta kasa.

Haɗa zaren bai da wani tsafi. Ana farawa da dogon nailan, wasu na zaɓar mai ɗan tauri da kauri saboda ya fi sauƙin jifa ga mai koyo, gwanayen gasa kuma suna sauka har ƙasa da milimita 0.20 tun daga tushe. Daga nan sai zaren alama, kamu biyu ko uku, mai launuka masu ɗaukar ido kamar ruwan hoda da ɗorawa, don in haske ya ɓatar da ɗaya a ga ɗayan. A ƙarshensa ana ɗaura ɗan zoben ƙarfe mai faɗin milimita 2, wanda amfaninsa shi ne a riƙa sauya zaren ƙasa ba tare da ana cinye na alama ba. Daga zoben zuwa ƙugiya zare ɗaya ne mai kauri ɗaya, yawanci fulorokabon mai lamba 5X zuwa 7X, wato daga milimita 0.15 zuwa 0.10. Fulorokabon ya fi nailan nauyi a ruwa, ya kuma fi jure gogar dutse. Tsawonsa ya ɗara zurfin wurin, misali sau ɗaya da rabi, yadda zaren alama zai tsaya a sama da ruwa. Mai son tsutsa biyu sai ya bar ɗan reshe mai tsawon taƙi guda ko ƙasa da haka, kamar rabin mita sama da ta ƙarshe.

A bakin aiki, mai fatsa zai lanƙwaso tsutsar ya jefa ta gaba, wajen da ruwa ke gangarowa, ya tsayar da sanda a sama don ta riga zare shiga ruwa. Sai ya ɗan saurara ta nutse. Alamar ta kai ƙasa ita ce zaren mai launi ya rage gudu, a ga kumfar saman ruwa tana wuce shi. Daga nan kan sanda zai riƙa tafiya gaba kaɗan da tsutsar, daidai da saurinta. A nan ne da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, suna jan zare don su ji shi a miƙe, su koma suna yin abin da igiya mai kauri ke yi. Idan zaren alama ya tsaya cak, ko ya yi ɗan tsalle, ko ya karkace, sai a ɗaga hannu. Sau tari dutse ne. Wani lokaci kuma dutsen sai ya fara girgiza kai.

Batun sanda shi ne inda 'yan kasuwa suka fi samun ciniki. Sandar da aka saba da ita ƙafa 9 ce mai lamba 5. Ta wannan salo kuwa ƙafa 10 zuwa 11 ce, mai lamba 2 ko 3. Tsawon yana ba mutum damar tsallake igiyar ruwan da ke gabansa ya riƙe zare sama. Kanta siriri ne mai laushi, saboda ya lanƙwashe da nauyin ƙaramar tsutsa wajen jifa, ya kuma shanye fizgar kifi kada zaren milimita 0.10 ya tsinke. Gindinta kuwa da ƙarfi yake, shi ya sa lambar ke ruɗar mutane, don sanda mai lamba 3 irin wannan tana kayar da kifin da gajeruwa mai lamba ɗaya da ita ba za ta iya ba.

Abin da mai saye ya kamata ya gwada a shago shi ne ya ɗaura kwarkwaron naɗe zare a jiki, ya ɗora sandar a kan yatsa wajen da yake riƙewa. In kai ya rinjaya, to bayan awa uku da miƙaƙƙen hannu kafaɗa za ta ba da labari. Don haka ake sa mazaunin kwarkwaron can ƙarshen gindi. A kuma kaɗa sandar a ga ko kanta na tsayawa da wuri, don mai ci gaba da rawa yana sa zaren alama rawar da ba ta kifi ba. Zoben farko da zare ke bi ya kasance kusa da mariƙi, in ba haka ba zare zai yi ciki a nan ma. A ƙaramin rafi mai rassan itatuwa, ƙafa 11 wahala ce kawai, ƙafa 10 ta wadatar.

Hukumar FIPS-Mouche, mai shirya gasar duniya, ta daɗe da hana maƙala dalma a jikin zare da sa abin yawo a saman ruwa, wannan hanin ne ma ya tura 'yan gasa suka ɓoye nauyi cikin tsutsa. Dokokinta sun taƙaita ƙugiya zuwa uku, marasa ƙayar baya, da tazarar santimita 50 aƙalla a tsakaninsu, sanda kuma kada ta wuce ƙafa 12. Da aka ga Faransawa da masu koyi da su sun kusa daina fito da igiyar jifa gaba ɗaya, sai aka ƙara da cewa zaren gaba kada ya wuce ninki biyu na tsawon sanda, wato ƙafa 20 ga mai sandar ƙafa 10. Kamfanoni ba su ɓata lokaci ba, suka fito da igiya mai kaurin milimita 0.55, mafi sirantar da doka ta yarda da ita a lokacin. A takarda igiyar jifa ce, a hannu kuwa kaɗan ya raba ta da nailan. A Amurka ma jihar Pensilbaniya ta yi shekaru da dokar ƙafa 18 ga zaren gaba a wuraren da ta keɓe wa fatsar ƙwaron bogi.

Auna zare abu ne mai sauƙi ga jami'i, shi ya sa ake son irin wannan doka. Abin da ya fi shafar kifin ba ya auno da tef. Salon yana sa mutum ya tsaya dab da kifi, saboda haka ana yawan tattake tsakuwar ƙasan kogi, inda turawut ke binne ƙwansa a kaka da hunturu, girelin kuma a bazarar can. Yana kuma kama kifi da yawa, manya da ƙanana, kowanne sai an taɓa shi kafin a sake shi. A tsakiyar zafi, idan ruwa ya haura digiri 20, iskar da ke cikinsa tana raguwa, kifin da aka gajiyar yana iya mutuwa bayan an mayar da shi ko da ya tafi da ƙarfinsa. Wasu yankunan Amurka, irin su Montana, sukan rufe fatsa daga ƙarfe biyu na rana a irin wannan yanayi.

Salon kansa yana da inda ƙarfinsa ya ƙare. A faffaɗan ruwa mai kwanciya, inda kifi ke nesa kuma yana ganin duk wani motsi, doguwar sanda a sama korar kifi take yi. Ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, zaren da aka ɗaga sai ya zama abin wasanta, dole a sauke sanda a ƙara nauyi. Da yamma kuma, idan ƙwari suka ƙyanƙyashe suka cika saman ruwa kifi ya taso yana cafka, zakarun gasar da kansu sukan kwance siririn zaren su mayar da igiya mai kauri.