Wasannin bidiyo da sirrin mai wasa: Bayanan da ke fita daga waya ba da sanin mai ita ba

Gombe (NAN) – Da la'asar sakaliya a unguwar Tudun Wada da ke cikin garin Gombe, shagunan wasa sukan cika da matasa masu buga ƙwallo a PlayStation. A bakin titi kuma wasu na sunkuye kan wayoyinsu suna fafatawa a Free Fire ko Call of Duty Mobile, yayin da ƙanana a cikin gida suka ari wayar uwa ko uba suna buga Ludo. Abin da yawancinsu ba su lura da shi ba shi ne, duk wasan da ke haɗe da intanet yana aika rahoto game da mai wasan zuwa ga kamfanin da ya ƙirƙire shi.

Masana kwamfuta na kiran wannan rahoto telemetiri. Ya ƙunshi samfurin wayar, da adireshinta na intanet wanda ke nuna ƙasa da yankin da mutum yake, da lokacin da ya fara wasa da lokacin da ya daina, da matakin da ya gagare shi, da abin da ya saya. Wannan yana da amfaninsa: da shi kamfani ke gano inda wasan ke tsayawa ya gyara, da shi kuma ake kama masu maguɗi.

Damuwar tana farawa ne daga inda rahoton ya wuce buƙatar wasan. Wasannin da ake saukewa kyauta da talla suke samun kuɗi, don haka akan dasa ƙananan manhajojin kamfanonin talla a cikinsu. Kowace wayar Android ko iPhone tana da lambar talla ta musamman. Idan manhajoji goma suka aika bayani ɗauke da lamba ɗaya, ana iya harhaɗa su a san lokacin barcin mutum, da inda yake yini, da yadda yake kashe kuɗi, ko da ba a san sunansa ba. Idan kuwa da lambar waya ko asusun Facebook ya yi rajista, sunan ma ya samu. A Najeriya lambar waya ta ƙara nauyi tun Disamban 2020, lokacin da gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN.

Abin ya sha faruwa a ƙasashen waje. A Janairun 2014, takardun da Edward Snowden ya fallasa sun nuna hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya na neman tatsar bayanan da ke yoyo daga manhajoji irin su Angry Birds. A 2018 masu wasa suka gano wata manhajar bibiya mai suna Red Shell a cikin wasanni da dama, har da Civilization VI, kuma ƙorafinsu ya sa aka cire ta. A Satumban 2020 Indiya ta haramta PUBG Mobile bisa dalilan tsaro da kare bayanai.

Hukunci mafi girma ya zo a Disamban 2022, lokacin da kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan tuhumar Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka. Dala miliyan 275 daga ciki tara ce kan tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyaye ba, da barin hirar murya da ta rubutu a buɗe tun daga farko. Sauran miliyan 245 na mayar wa waɗanda aka cire wa kuɗi ne kan sayayyar da ba su yi niyya ba. A Yunin 2023 Microsoft ma ya amince da biyan dala miliyan 20 kan bayanan yaran da suka yi rajista a Xbox.

A gida Najeriya, wata ƙa'ida ta kare bayanai ta fito a Janairun 2019 daga hukumar NITDA, lokacin tana ƙarƙashin Isa Ali Pantami, ɗan asalin Gombe. A ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC. Dokar ta bai wa kowa 'yancin sanin abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a goge shi, da janye amincewarsa. Ta kuma shar'anta izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Babban kamfanin da ya saɓa na iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar ta shafi kamfanonin waje muddin suna sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya, sai dai bin kamfanin da ba shi da ofis a ƙasar jan aiki ne.

A unguwa irin Tudun Wada, haɗarin ya fi yawa a wayar gida. Na'urar shagon da ba a haɗa da intanet ba, ba ta da hanyar aika komai. Wayar da yaro ya ara kuwa ita ce ɗauke da manhajar banki, da hotunan iyali, da lambobin 'yan uwa. Mafi muni shi ne wasannin da aka yi wa kwaskwarima, waɗanda matasa ke tura wa juna ta Xender don tsimin data ko samun tsabar wasa kyauta, domin babu wanda ya tantance abin da aka cusa a cikinsu.

Rigakafin bai da tsada. A sauke wasa daga Google Play ko App Store kaɗai. A duba izinin da ya nema: wasan Ludo ba ya buƙatar jerin lambobin waya ko saƙonnin tes. Mai Android na iya goge lambar tallarsa a sashen saituna, mai iPhone kuma na iya hana bibiya tun sabuntawar Afrilun 2021. A kashe hirar murya ga yara, a sa kalmar sirri kan kowace sayayya, kuma wanda ya shiga asusunsa a na'urar shago ya fita kafin ya tashi. Wanda yake ganin an keta masa haƙƙi yana da damar kai ƙorafi ga NDPC. (NAN)