Adon Harshe: Kwalliya Ko Makami A Bakin Uwargida?

'Yar uwa, ko kin san kullum kina aiki da abin da malaman Hausa ke kira adon harshe, wanda a darasin Larabci ake karantawa cikin ilmin balaga? Saurari hirar mata a gidan biki ko suna, a Tambuwal ko Kebbe, za ki ji shi iri-iri.

Idan kika ce amarya fara ce kamar wata, kamance ke nan. Idan kika ce mijinki bango ne, ba ki sa "kamar" ba, kin yi siffantawa. "Yunwa ta kama ni" mutuntarwa ce, domin yunwa ba ta da hannu. "Na kira ki sau dubu" kuwa kambamawa ce. Akwai kuma sakayawa, wadda kunya ta haifa: mai ciki a ce tana da juna biyu, mamaci a ce ya riga mu gidan gaskiya, uwa kuma ta ƙi kama sunan ɗan fari.

Magabata sun san amfanin wannan baiwa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilmantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru, saboda magana mai ado ta fi zama a zuciya.

Sai dai wuƙar da ke yanka albasa ita ke yanka yatsa. Habaici ma adon harshe ne. Mace za ta tsaya bakin turmi tana yi wa kaza faɗa, alhali kowa a gidan ya san da abokiyar zama take. Ba a kama suna ba, don haka babu damar ba da amsa ko neman gafara, sai gaba ta yi ta ruruwa. Mafi muni, yara na ji, gobe kuma su gwada a kan 'yan ubansu. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da aibata juna da jifa da miyagun laƙabobi, kuma lulluɓe zagi da azanci bai fitar da shi daga hanin ba.

Saboda haka 'yar uwa, kafin ki saki magana, tambayi kanki: don rufa asiri na sakaya ta, ko don in soki wata? Idan kina da ƙorafi, keɓe da mai shi ki faɗa a fili cikin ladabi. Azancinki kuwa ki tanade shi don yabon maigida, rarrashin yara da nasiha. Magana zarar bunu ce. Allah Ya tsare mana harsunanmu, amin.