Daga mahaɗar jirgin Kafanchan zuwa tukunyar nukiliyar Zariya: Wa ke sa ido kan kuskuren ma'aikaci?

Garin Kafanchan ya girma ne a gefen layin dogo. Tun daga 1927, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan zuwa Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗa inda rayukan ɗaruruwan fasinjoji kan rataya a hannun mutum guda mai juya layi. Idan ya juya daidai jirgi ya wuce lafiya, idan kuwa gyangyaɗi ya ɗauke shi ko ya karanta sigina a baibai, ƙarfin inji da ƙwarewar direba ba za su hana ɓarna ba. Shi ya sa tsarin jirgin ƙasa bai taɓa dogara da nagartar ma'aikaci kaɗai ba. An tanadi littafin ƙa'ida, da sufeto mai zagayawa, da makullan da ke hana a buɗe wa jirage biyu hanya ɗaya.

Wannan tsohon darasi na Kudancin Kaduna shi ne ginshiƙin wata muhawara da ke jiran Najeriya, wadda ta daɗe tana shirin samar da lantarki daga makamashin nukiliya. Jihar Kaduna kuwa tana da ta cewa fiye da kowace jiha, domin a cikinta ne tukunyar nukiliya ɗaya tilo da ƙasar ta mallaka take aiki.

Tukunyar da ke Samaru

A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai wata ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar ƙasar Sin, mai suna NIRR-1. Ta fara aiki a watan Fabrairun 2004, kuma ƙarfinta bai wuce kilowat talatin da 'yan kai na zafi ba. Ba ta samar da lantarki. Aikinta shi ne bincike: ana saka samfurin ƙasa, ko dutse, ko hatsi a kusa da zuciyarta, a gano irin sinadaran da ke ciki da yawansu, ana kuma horar da ɗalibai da ita.

Masu ƙirarta sun yi lissafin ajizancin ɗan Adam tun daga farko. An taƙaita yawan makamashin da ke cikinta, kuma da zarar ruwan da ke kewaye da ita ya ɗauki zafi, ƙarfinta kan ragu da kansa ba tare da jiran hannun kowa ba. Duk da haka ba a kunna ta sai da lasisi, kuma masu sarrafa ta ma sai sun ci jarrabawa an ba su nasu lasisin.

Babban gwajin da tsarin ya fuskanta ya zo ne a 2018. A shekarar aka cire ainihin makamashin tukunyar, wato yuraniyam da aka tace har kusan kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake fargabar a yi makami da shi, aka maye gurbinsa da mai kashi 13 cikin ɗari. A watan Disamba aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin ta jirgin sama, tare da haɗin gwiwar Amurka da Sin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA. An kammala aikin lami lafiya. Sai dai tashar lantarki irin wadda Najeriya ke hange ta ninka wannan tukunya ƙarfi sau dubbai, kuma zuciyarta kan ci gaba da fitar da zafi kwanaki bayan an kashe ta, saboda haka dole a ci gaba da sanyaya ta ko da me ya faru.

Hukuma mai ginawa da hukuma mai hanawa

Najeriya tana da hukumomi biyu da mutane kan rikita. Ta farko ita ce Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, NAEC, wadda aka kafa da dokar soja a 1976 amma ba ta kankama ba sai 2006. Ita ce mai tallata shirin da tsara shi. Ita ta ware Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tasha, kuma a 2017 ta sanya hannu kan yarjejeniyoyi da kamfanin Rosatom na Rasha. Har yau dai ba a aza tubali ba.

Ta biyu ita ce Hukumar Sa Ido kan Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ta kuma soma aiki a 2001. Ita ce mai bayar da lasisi, mai bincike, mai ikon cewa a dakata. Hurumin nata bai tsaya a Zariya ba. Ya haɗa da na'urorin ɗaukar hoton ƙashi na asibitoci, da na'urorin gashin cutar daji, da sinadarai masu tururin nukiliya da kamfanonin mai ke zurawa cikin rijiyoyi. An ga muhimmancin wannan aiki a ƙarshen 2002, lokacin da irin waɗannan sinadarai guda biyu suka ɓace daga hannun wani kamfanin hidimar mai a yankin Neja Delta, daga baya aka tsince su a Jamus.

Yarjejeniyar duniya kan kariya daga haɗarin nukiliya, wadda Najeriya ke cikinta, ta yi magana a fili kan abubuwa uku. Sashe na 8 ya buƙaci a raba mai sa ido da mai tallata nukiliya rabuwa ta haƙiƙa. Sashe na 9 ya ɗora alhakin farko a wuyan mai riƙe da lasisi. Sashe na 12 kuma ya wajabta a yi la'akari da iyawar ɗan Adam da iyakarta a tsawon rayuwar tasha. Kowane ɗaya daga cikin sassan nan yana da haɗarin da ya haife shi.

Fitilar da ta yi ƙarya

Da misalin ƙarfe huɗu na asubahin 28 ga Maris, 1979, wani bawul ya buɗe a tasha ta biyu ta Three Mile Island da ke Jihar Pennsylvania ta Amurka, ya kuma ƙi rufuwa. Fitilar da ke ɗakin sarrafawa ta nuna kamar ya rufu, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. Ƙararrawa fiye da ɗari suka ɗauki kuka cikin 'yan mintoci. Ma'aikatan, bisa horon da aka ba su, suka ɗauka ruwa ya yi yawa, suka rage famfunan gaggawa a daidai lokacin da ruwan ke tsiyayewa. Sai bayan fiye da sa'o'i biyu aka toshe hanyar, kuma a ƙarshe kusan rabin zuciyar tukunyar ya narke.

Kwamitin da Shugaba Jimmy Carter ya kafa ƙarƙashin John Kemeny ya gano cewa matsalar ta mutane ce, amma bai tsaya kan ma'aikatan da ke bakin aiki a daren ba. Ya zargi horon da aka ba su, da tsarin ɗakin sarrafawa, da ita kanta hukumar sa ido. Abin takaici shi ne irin wannan bawul ya taɓa maƙalewa a tashar Davis-Besse ta Jihar Ohio a 1977, ma'aikatan can suka gano shi da wuri, amma darasin bai isa kunnen takwarorinsu na Pennsylvania ba.

Haka labarin Chernobyl ya kasance. Bayan fashewar tukunya ta huɗu a ranar 26 ga Afrilu, 1986, rahoton farko na ƙwararrun IAEA ya ɗora mafi yawan laifin a kan ma'aikata. A 1992 ƙwararrun suka sake nazari, suka mayar da nauyin kan aibin ƙirar tukunyar da kuma tsarin da ya ɓoye wa ma'aikata wannan aibi. Daga wannan haɗari ne kalmar “al'adar kariya” ta shiga bakin masana, ma'ana ɗabi'ar wurin aiki inda ƙaramin ma'aikaci zai iya tsayar da babba, kuma mai kawo rahoton kuskurensa ba ya tsoron kora.

Yadda ake auna abin da ba a gani

Tsagewar bututu tana da na'urar aunawa, amma gajiya da sakaci da tsoron maigida ba su da ita. Hukumar sa ido ta Amurka ta bi hanyoyi da dama don cike wannan giɓi. Tana ajiye sufetoci aƙalla biyu a kowace tasha, suna zaune a yankin, suna shiga ko'ina ba tare da sanarwa ba. Tana ƙayyade sa'o'in aiki, tana kuma sa a riƙa jarraba masu sarrafawa a ɗakin kwaikwayo da aka gina daidai da na gaske. A 1987 ta rufe tashar Peach Bottom bayan ta gano ma'aikata na barci a ɗakin sarrafawa, ba tare da ta jira wani haɗari ya auku ba. Daga 2000 kuma ta fito da tsarin launuka huɗu, kore da fari da rawaya da ja, inda kowace tasha ke samun ƙarin bincike gwargwadon yadda makinta ya lalace.

Wannan tsari ma yana da rauninsa. A watan Maris na 2002 aka gano cewa sinadarin borik ya cinye murfin ƙarfe na tukunyar Davis-Besse, ya bar rami wanda abin da ya rage tsakaninsa da ruwa mai matsanancin matsi bai wuce kimanin santimita ɗaya ba. Alamun sun daɗe suna bayyana, tsatsa tana toshe matatun iska, amma an saba da ganinsu har sun daina tayar da hankali. Makin tashar yana da kyau a takarda, kuma hukumar da kanta ta amince a ɗage binciken da ya kamata a yi kafin ƙarshen 2001. Tashar ta shafe shekara biyu a rufe.

A Japan kuwa, kwamitin da majalisar dokoki ta kafa bayan haɗarin Fukushima na 11 ga Maris, 2011, ya yanke cewa duk da girgizar ƙasa da ambaliyar teku, bala'in aikin ɗan Adam ne. Hukumar sa ido ta lokacin tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliya, kuma ta saba sassauta wa kamfanin da take dubawa. A watan Satumban 2012 aka rushe ta aka kafa sabuwa mai cin gashin kanta.

Abin da ya shafi Kudancin Kaduna

Mai yiwuwa manomin citta a Kachia ko Kwoi ya ga cewa wannan zance ya yi masa nisa. Amma yankin yana cikin masu jiran wutar da ake alkawari, domin rashin tsayayyen lantarki na cikin dalilan da suka sa ake fitar da citta a busasshiyarta maimakon a sarrafa ta a gida. Sannan hurumin NNRA ya riga ya iso yankin. Duk na'urar hoton ƙashi da ke asibitocin Kafanchan, Zonkwa ko Kagoro tana buƙatar izinin hukumar, kuma lafiyar majinyaci da ta ma'aikaci ta dogara ne da daidaiton na'urar da horon mai danna ta. Haka nan tarkacen haƙar kuza da ke jibge a tsaunukan Jos, masu maƙwabtaka da yankin, yana ɗauke da ma'adanai masu sinadarin toriyam da yuraniyam, kuma ana haƙar kuza a sassan Ƙaramar Hukumar Jema'a ma. Hukumar da ta iya bibiyar waɗannan ƙananan abubuwa a garuruwa masu nisa da Abuja ita ce za a iya amince wa da babbar tasha.

Akwai kuma batun layin wuta na ƙasa. Tashar nukiliya tana buƙatar lantarki daga waje don tafiyar da famfunan sanyaya ta idan ta tsaya, kuma yankewar wannan wuta tare da nutsewar janaretoci shi ya jefa Fukushima cikin halaka. A Najeriya babban layin ya sha durƙushewa, kuma a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Kowace irin wannan yankewa jarrabawa ce ga ma'aikatan ɗakin sarrafawa, kuma yawan jarrabawa na ƙara yiwuwar kuskure.

Tawagogin IAEA sun zo Najeriya a 2015 don duba shirin ƙasar gaba ɗaya, sun kuma dawo a 2017 don duba tsarin sa ido. Tambayoyin da irin waɗannan ziyarce-ziyarce ke tayarwa su ne waɗanda 'yan majalisar da ke wakiltar Kudancin Kaduna za su iya yi a zauren majalisa. Shin kasafin NNRA yana isowa a kan kari ba tare da ta dogara da waɗanda take dubawa ba? Sufetoci nawa take da su da suka taɓa aiki a tashar lantarki ta nukiliya? Wace kariya doka ta ba ma'aikacin da ya tona asirin sakaci? Za a riƙa wallafa sakamakon bincike don jama'a su gani? Idan kuma hukumar ta ce a kashe tasha a lokacin da ƙasa ke kukan duhu, wa ke da ikon sauya hukuncin?

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Horar da sufeto guda da zai iya tsayawa gaban injiniyoyin kamfanin waje ya ce bai gamsu ba yana ɗaukar shekaru, kuma wurin da za a soma wannan horo a cikin gida shi ne ƙaramar tukunyar Samaru, wadda ta haura shekara ashirin tana aiki ƙarƙashin lasisi.