Wace Irin Fitilar Taimin Ya Kamata Ƙungiya Ta Saya?

A ranin da ya wuce, wata ƙungiyar manoma da nake zagayawa a wajen Bomo ta yi hasarar tumatir mai yawa. Motarsu, tsohuwar akori-kura Peugeot 504, ta yi zafi ta tsaya kafin Kwangila da tsakar rana, ga kaya a baya. Kafin a samo wata mota a juye, 'yan sari sun watse daga kasuwar Sabon Gari, rana kuma ta dafa rabin tumatirin. Da aka zauna taro sai aka ɗora wa direba laifi, wai bai duba ruwan lagireto ba. Ni ma haka na zata da farko.

Ashe mako biyu kafin wannan, wani mai rewaya ya cire kwantak da kondensa daga cikin distiributa, ya sa ɗan abin lantarki na zamani a maimakonsu. Aikin ba shi da laifi. Kwantak yakan ci, yakan ƙone, dole a riƙa goge shi ana gyara tsakaninsa, shi kuwa na lantarkin ba abin da yake gogawa a cikinsa. Amma da ya gama sai ya murɗa distiributa yana saurare, har ya ji injin ya yi masa daɗi a kunne, ya ɗaure. Tun daga ran nan motar take shan mai fiye da da, tana kuma nishi a ƙaramin hawa. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

'Yan'uwa, mu da muke zaune kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru mun saba da awo. Mun san santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin masara da masara. Ba mai shuka da ka yanzu. Amma wutar motar da muka tara kuɗi muka saya, da kunne ake auna ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan sakaci ya zama mai tsada ƙwarai.

Ga yadda abin yake. Filogi yana ba da wuta kaɗan kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa, domin man ya sami lokacin kamawa. Wannan ɗan lokaci shi makanikai suke kira taimin, da digiri kuma ake auna shi. Idan wutar ta makara, man yakan ƙarasa ci a hanyar salansa, injin ya yi zafi, ƙarfi ya ragu. Idan ta yi sammako, sai ka ji injin yana ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, wannan kuwa yana iya huda fistin. A kan fulin karanshaf mai faɗin santimita 15, digiri ɗaya bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Wane kunne ne zai ji wannan?

Tsofaffin makanikai suna da wata dabara mai kyau. Sukan haɗa ɗan ƙwan fitila da wayar kwantak, su juya injin da hannu, inda ƙwan ya kama nan ne wuta take tashi. Tun 1910, sa'ad da aka fara sa irin wannan wuta a motocin Cadillac a Amurka, kwantak ne yake buɗewa yana rufewa, saboda haka dabarar tana ci. To, yawancin na lantarki ba su ba da alama sosai sai injin yana tafiya. Wasunsu ma sukan ƙone idan aka bar makulli a buɗe injin yana tsaye. Watau duk ƙungiyar da ta sake wutar motarta zuwa ta lantarki, ta shiga bukatar fitilar taimin ke nan. Ita wannan fitila tana walƙiya daidai lokacin da filogi ya ba da wuta. Ka haska ta a kan fuli, sai ka ga tsagar da ke jikinsa ta tsaya cik kamar injin ba ya juyawa, ka karanta inda ta tsaya.

Iri uku za ku tarar. Ta farko ita ce mafi araha, wadda ake cire wayar filogi a sa ta a tsakani. Haskenta ja ne mai rauni, a ranarmu ta Zariya ba ka ganin kome sai ka rufa da bargo, tana kuma iya jan mutum. Ku bar ta. Ta biyu tana da waya biyu, ja da baƙa, da ake maƙala wa batir mai bolt 12, da wani ɗan maƙali kamar bakin kunama da ake kama wayar filogi da shi ta waje, ba a cire kome. Haskenta fari ne fat. Ba ta da kome a jikinta sai kunamar da ake matsawa. Ta uku kamar ta biyu take, sai dai tana da abin murɗawa a baya, ko ɗan allo mai nuna lambobi. Ita ce mai tsada, ita ce kuma mai shago zai fara miƙo muku.

Shawarata ita ce ta biyu, kuma ba domin kuɗi kaɗai ba. Mai abin murɗawar nan lissafi take yi. Tana ƙirga wutar da ke wucewa cikin waya ta san gudun injin, sa'an nan ta jinkirta walƙiyarta daidai da digirin da aka murɗa. Lissafin yana fita daidai muddin wuta ɗaya ce take zuwa a kowane bugu. Amma akwai akwatunan wuta da ba haka suke ba. Na kamfanin MSD na Amurka, alal misali, suna sakin wuta da yawa a jere a bugu guda idan gudun injin bai kai juyi 3,000 a minti ba, akwai kuma masu kwaikwayonsu. A silo ne kuwa ake duba taimin, daidai inda wutar take zuwa a jere. Sai fitilar ta rikice, ta zaci injin yana gudu ninki biyu ko uku, tsagar ta riƙa tsalle, ko kuwa ta tsaya a wurin da ba gaskiya ba. Wannan na biyun ya fi muni, gama makaniki zai gaskata ta. Ita mai sauƙin ba ta lissafin kome. Wuta ta zo, ta haska.

Haka nan ga babur. Yawancin baburanmu suna da ɗan baƙin akwatin nan da ake kira CDI, kuma in ya mutu na kasuwa ake sawa. Injin babur yakan ba da wuta a kowane juyi, mota mai distiributa kuwa kowane filogi sau ɗaya a juyi biyu. Fitila mai lissafi, in ba a gaya mata ba, za ta yi kuskure a nan ma. Da mai sauƙin kuwa, ka buɗe ɗan murfin da ke gefen injin, ka haska fulawul. A silo ya kamata harafin F ya tsaya daidai da tsagar ramin, in aka ba da totur kuma ya gusa. Ba a iya murɗa taimin na babur, amma ta haka za ka san ko akwatin da aka sayar maka na kirki ne tun ba ka bar bakin shago ba. Injin niƙa mai gas da tarakta ba su da filogi, fitilar nan ba ruwanta da su.

Kada a aiki mutum Sabon Gari da kuɗi a aljihu kawai. A tafi da motar, a gwada kafin a biya. Mai shagon da ya ƙi a gwada, a wuce gaba. Ku duba bakin maƙalin ya rufe ruf, gama abin da ke cikinsa yana fashewa kamar tangaran in ya faɗi ƙasa, kuma mai tsaguwa yakan tsallake walƙiya. Idan akwai kibiya a jikinsa, ta fuskanci filogi. A nisanta shi da sauran wayoyi, kada ya ɗauki wutar maƙwabci, a nisanta shi kuma da salansa. A Peugeot, silinda ta ɗaya ita ce ta wajen giya, ba ta wajen fanka ba, abin da yakan jawo gardama a gareji. Gardamar ba ta da amfani: ta ɗaya da ta huɗu tare suke hawa, ko wace aka kama daidai ne. In tsagar tana rawa, kada ku yi saurin zargin fitila. Ku gwada ta a wata mota, gama motocin nan da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 da yawansu sandar distiributarsu ta riga ta ci.

Ranar aiki, a bar injin ya yi ɗumi, a goge tsagar a shafa mata alli, a cire siririn tiyon iska da ya taso daga kafireta zuwa distiributa a toshe shi in littafin motar ya ce haka. Adadin digiri ma daga littafin za a ɗauka, gama ba ɗaya ba ne ga kowane injin. Mai babbar riga ya tuɓe ta tukuna. Walƙiyar nan takan sa fanka ta zama kamar a tsaye take, alhali tana juyawa. Wutar lantarkin nan kuma ta fi ta kwantak ja nesa, kada a taɓa waya da hannu.

Fitila ɗaya ta ishi ƙungiya uku ko huɗu, tun da yake ba kowace rana ake bukatarta ba. Amma a sa ta hannun mutum ɗaya, ma'aji ko magatakarda, a rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da ya mayar, kamar yadda muke yi da famfon feshi. In ba haka ba za ta ƙare a akwatin wani makaniki.

Ƙungiyar nan ta Bomo ta ara wata fitila irin ta biyu, muka haska tare da mai rewayan, direban yana tsaye yana kallo. Tsagar ta tsaya can baya da inda ya kamata. Aka kwance ƙusa ɗaya, aka murɗa distiributa kaɗan, aka ɗaure. A taro na gaba shugaba ya ba direban haƙuri a gaban jama'a, aka kuma sa sayen fitila cikin lissafin kaka.